Sha'irin da Ya Zubo daga Wuyan Tattabara

Akwai wani mai dogon baki da ke yawo yana cewa mu talakawan Faransa mu muka fara ɓarna. Ƙarya yake yi, kuma ya san kansa. Ni a ƙauyen nake, a gabana aka yi.

Akwai wata mata a ƙauyenmu, Perrine, matar wani manomi Mathurin. Shekarar da ƙanƙara ta kwantar da alkamar ƙasa, aka shiga wani sanyi da har kogi ya daskare. Burodi ya zama abin kallo. Duk da haka Perrine ta ɓoye ɗan buhun sha'ir a ƙarƙashin gado. 'Ya'yanta na kukan yunwa, ta ƙi taɓa shi, don shi ne irin shuka.

Da bazarar 1789 ta shigo, suka shuka shi. Ko juya baya ba su yi ba, sai ga tattabarun ubangidan ƙauye sun sauko kamar hadari.

Shi kaɗai doka ta yarda ya yi kiwon tattabaru, kuma a gonakinmu suke kiwo. Ka kore su, su dawo. Ka kashe guda, a kai ka kotunsa. Sarki na can fadarsa ana ta rawa, wa zai kai masa kukan sha'ir?

Mathurin ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Daga ƙarshe ya ɗauki majajjawa, ya kayar da guda.

Aubin ya gani. Shi ne mai gadin dajin ubangida, ɗan ƙauyenmu ne, uwarsa wanki take yi wa mutane. Amma tun da aka ba shi riga mai maɓallan tagulla, gaisuwa ta fita daga bakinsa.

Ran Lahadi, ana fitowa daga coci, Aubin ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaure Mathurin da igiya, mushen tattabarar na lilo a hannunsa.

"Ku zo ku ga ɓarawo! Gobe sai kotu, daga can sai sarƙa."

Perrine ta kutsa cikin mutane. "Aubin ɗan mai wanki, kai ne yau da igiya? Uwata ta sha cika maka kwano da miya."

"Inna, ja da baya, kada warin albasarki ya kama min riga."

"Rigar aro? Ranar da mai ita ya karɓe, da me za ka rufe haƙarƙarin?"

Aka fashe da dariya. Wani tsoho ya ce, "Wa ya sani ma ko ƙoshi ne ya kashe ta?"

Dariyar nan ita ta ci Aubin. Ya zaro wuƙa. "Ƙoshi? Bari in nuna muku inda dutsen ya same ta!"

Ya tsaga wuyan tsuntsuwar. Wuƙar ta fasa jakar da take tara abinci, sai ga sha'ir yana zubowa a kan matakala, ƙwaya-ƙwaya, ko narkewa bai yi ba.



Perrine ta durƙusa a gabansa. Aubin ya yi murmushi. "Yawwa. Roƙa da kyau, wataƙila in sa baki."

"Roƙo? Ɗage min ƙafarka, kana taka min iri."

Ta shiga tsince ƙwayoyin tana zubawa a haɓar rigarta. Ta miƙe ta nuna wa jama'a. "Wannan na hana 'ya'yana. To a cikin mu biyu, ni da tsuntsuwar nan, wa ya saci na wani?"

Wata mata ta ce, "Nawa ma yana can a wuyan 'yan'uwanta."

"Da nawa!"

Ba wanda ya ba da umarni. Maƙerin ƙauye ya karɓi wuƙar daga hannun Aubin, ya yanke igiyar Mathurin. Jama'a da takalmansu na katako suka ɗauki hanyar ɗakin tattabarun ubangida, har da ni. Kafin la'asar mata na zaune suna tsaga wuyan tattabarun da aka yanka suna tara iri, kuma duk ƙauyen ya ci nama. Washegari aka sake shuka gonar Perrine.

Mun zauna jiran sojoji, ba su zo ba, don ƙauyuka da yawa sun yi irin namu. Rani na tsaka muka ji birnin Paris ya tashi da bore. Ubangida ya loda akwatunansa ya tsallake iyaka, ko sallama bai yi wa Aubin ba.

Sha'ir na nuna sai ga Aubin a ƙofar Perrine, ba riga, ba maɓalli. Mathurin ya ɗauko sanda. Ta riƙe hannunsa, ta yanko burodi ta miƙa wa Aubin.

"Ci. In ka gama, ga gona can, tsuntsaye sun dame mu. Ai ka iya gadi."

Har aka yi girbi yana tsaye a rana yana ɗaga hannuwa yana ihu.

Darasi: Wanda ya tara jama'a don ya kunyata mai rauni, ya fara duba abin da ke hannunsa, don sau da yawa shaidar da ya ɗauko, shi take kamawa. Kuma haƙurin talaka yana da iyaka: zai jure yunwar yau, amma ba zai bari a cinye masa gobe ba. Ku isar da wannan ga duk wanda aka ara wa riga ya manta gidansu. Mai dogon bakin nan kuwa, in ya isa, ya fito ya ce sha'irin ba na Perrine ba ne.