Mutumin da Ya Yi Rawar Godiya Kafin Kwamiti Ya Zauna

"To, abin da alƙali bai gani ba a fili, ina ruwan wani kwamiti da shi bayan an tashi wasa?"

Ina wanke-wanke a bayan katanga ranar Asabar da yamma na ji wannan tambaya. Mazan unguwarmu ne suka dawo daga gidan kallon ƙwallo, suka tsaya a ƙofar gidanmu suna gardama a kan wani ɗan wasa da aka dakatar bayan an sake duba hoton wasan. Wani ya ce, "Kai dai faɗi gaskiya, ɗan kulob ɗinku ne, shi ya sa kake kumfar baki." Aka kwashe da dariya. Mai tambayar bai yi dariya ba. Ya ce, "An busa usur, an tashi, magana ta ƙare. Wanda aka kama shi ne mai laifi." Da zafi ya faɗa, kamar shi aka dakatar.

Na san muryar. Ban sa baki ba, ni da ban daɗe da zuwa gidan miji ba, ina ni ina maganar maza. Amma kashegari Mama Rifkatu, shugabar masu koyarwa a majami'armu, ta ba ni ajin 'yan mata a makarantar Lahadi, karatuna kuma bai yi nisa ba, sai na ba su wannan misali. Ita ce ta ce in rubuta saboda sauran masu koyarwa.

Akwai wani mutum, ɗan ƙwallo ne, da ƙwallo yake ci da iyalinsa. Wani babban kulob na birni yake yi wa wasa, amma iyayensa da matarsa suna wani ƙaramin gari, a can yake zuwa sujada in ya sami hutu. Mutanen garin suna alfahari da shi ƙwarai.

Wata rana aka yi wani wasa mai zafi, har ya kusa ƙarewa ba wanda ya ci. Sai kulob ɗin mutumin nan ya sami bugun kwana, 'yan wasa suka cunkushe a gaban raga. A bayansa akwai wani mai tsaron baya na ɗaya kulob ɗin, wanda ya hana shi sakat tun farkon wasa. Wannan mai tsaron baya ya fara manyanta, yana da 'ya'ya, shugabanninsa kuma sun riga sun gargaɗe shi cewa in ya sake karɓar jan kati za su sallame shi.

Mutumin nan ya saci kallon alƙali, ya ga idonsa yana kan ƙwallo. Sai ya kai gwiwar hannunsa baya da ƙarfi, ya sami mai tsaron bayan a baki, haƙori ya fita. Zafi ya sa mai tsaron bayan ya hankaɗe shi. Mutumin nan ya faɗi yana birgima yana ihu. A daidai nan alƙali ya juyo. Hankaɗawar ya gani, bai ga gwiwar ba. Ya ɗaga wa mai jini a baki jan kati, ya ba da fenareti. Mutumin nan ya tashi ya karkaɗe jikinsa, ya buga, ya ci.

Da ya koma gida, matarsa ta dafa ruwa tana gasa masa jiki. Ta ga rauni a gwiwar hannunsa, ɗan ƙarami, mai zurfi, ba irin na faɗuwa a ciyawa ba.

Ta ce, "Maigida, wannan ai kamar haƙori ne."

Ya ce, "Alƙali ya gani?"

Ta ce, "A'a."

Ya ce, "To ke kin fi alƙali ido ne? Ciro mini riga mai dogon hannu, ranar Lahadi akwai godiya."

A majami'ar garin suna da al'ada, duk wanda Allah ya yi wa alheri yakan fito ranar Lahadi da danginsa, su taho da rawa tun daga ƙofa har gaba, ya ajiye baikonsa, ya ba da shaida. Mutumin nan ya sayi rago. Zumuntar mata suka ɗauki waƙa, aka buga tulu da caki. Mahaifinsa, tsoho ne da ƙafa ta daɗe tana damunsa, ya ce yau kam sai ya taka, ya fito da sandarsa yana ɗingishi a gaba. Matar tana biye a baya, kanta a ƙasa, amma ta yi rawar.

Aka ba mutumin nan abin magana. Ya ce, "'Yan'uwa, maƙiyi ya ture ni don ya karya ni, amma Ubangiji ya buɗe idon alƙali." Mata suka rangaɗa guɗa. Aka ce amin.

Ga shi kuwa, a birni akwai kwamitin ladabtarwa, aikinsu shi ne su zauna bayan wasa su duba abin da ya wuce alƙali. A cikin makon nan suka zauna. Suka sa hoton wasan, suka rage masa gudu, suka mai da shi baya, suka sake sawa. Suka ga satar kallon. Suka ga gwiwar. Suka ga haƙorin yana faɗuwa. Sai suka sassauta wa mai tsaron bayan, kulob ɗinsa bai sallame shi ba. Mutumin nan kuwa suka dakatar da shi wasanni masu yawa.

Hoton bai tsaya a birni ba. Ya shiga gidan kallo na garinsu, ya shiga wayar kowa. Matan da suka yi guɗa suka gani. Yara suka riƙa kwaikwayon gwiwar a bakin rijiya, ɗaya ya faɗi yana birgima, sauran su ce amin.

Mutumin nan ya je wurin mahaifinsa ya durƙusa. Ya ce, "Baba, hukuncin ba na har abada ba ne, zai ƙare in koma fili."

Tsohon ya dube shi. Sa'an nan ya ce, "Na kwamiti zai ƙare. Rawar da ka sa na taka a gaban Allah fa, wa zai mayar mini da ita baya?"

Lahadin da ta biyo, mutumin nan ya zo har ƙofar majami'a, ya ji an ɗauki waƙar nan ta godiya saboda wani, ya kasa shiga.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwana, ita ce wannan. Filin wasa rayuwarmu ce ta kullum. Alƙali shi ne duk wanda aka ɗora a kanmu, uwa ce, ko malami, ko mai unguwa, ko fasto. Idonsu biyu ne kamar namu, in suna kallon nan ba sa kallon can, sukan kuma hukunta wanda ba shi ya fara ba. Kwamiti kuwa ɗan ƙaramin kwatanci ne na Allah, wanda ba ya bukatar a mai da masa hoto baya, gama yana nan lokacin da aka kai gwiwar.

Na ce wa 'yan matan, ke da kike mintsinin ƙanwarki a ɓoye, in ta rama ki riga ta fashewa da kuka don Mama ta doke ta, ke ce mutumin nan. Suka kalli juna suna murmushi, ɗaya ta rufe fuska da ɗankwali. Amma ba yara kaɗai ba. Mu manya mun fi iyawa, mu da muka san inda ake sayen riga mai dogon hannu.

Shirun alƙali ba wankewa ba ne. Kwanakin da ke tsakanin usur da zaman kwamiti jinƙai ne aka ba mutumin nan, don ya je ya nemi mai haƙorin ya ce, ni ne. Shi kuwa ya kashe su wajen neman rago. Gwiwar laifi ce, amma abin da ya fi ba ni kunya shi ne ya ɗauki abin da ya samu da gwiwa ya kai gaban ikkilisiya ya ce daga Allah ne. Matar ma ba ta fita daga laifi ba. Ta ga raunin, ta gane shi, ta bi bayansa da rawa. Mu da muke da rai yau, kwamiti bai zauna ba tukuna. Akwai sauran lokaci.

Ina cikin wannan bayani na lura da wani mutum tsaye a jikin taga, ya zo ɗaukar 'yarsa. Mai tambayar jiya ne. Bai jira an tashi ba, ya juya ya tafi.

Da la'asar na fita ɗebo ruwa, na hange shi a ƙofar wani gida. Gidan wasu ne da aka ɗora wa laifin da ba nasu ba tun bara, har maigidan ya daina zuwa sujada don kunya. Nan na gane mai laifin na ainihi, na kuma gane dalilin zafinsa na jiya. Ya tsaya, hularsa a hannu, yana murza ta. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya sauke. Ya sake ɗagawa. Sai muka haɗa ido. Na sunkuyar da kai, na ce, "Sannu, Baba," na wuce da bokitina. Ban yi nisa ba na ji ya yi sallama, muryarsa can ƙasa, ba irin ta jiya ba.

Da na dawo, maigidana ya ce, "Kin daɗe. Wa kika gani a hanya?"

Na ce, "Mutane ne kawai," na sauke ruwan. Mai tambayar nan shi ya kai kansa tun ba a kira shi ba, ba ni zan zama wayar da za ta yawata da hotonsa ba. Sunansa yana cikina, a nan kuma zai zauna.