Ranar da Lauina Ya Zauna a Ƙarƙashin Tabarma

Akwai wani mutum a ƙauyenmu na bakin teku a Samoa, sunansa Lauina. Shi ne kyaftin ɗin dogon jirgin ruwan tseren ƙauyen, wanda ƙarti arba'in da biyar ke tuƙawa. Ba mugu ba ne, na san shi tun ina yarinya. Matsalarsa ɗaya ce, duk abin da aka raɗa masa a kunne sai ya zauna daram a zuciyarsa.

Yana da amini, Saumani, tare suka taso. Saumani ne ke riƙe filafilin farko, wanda sauran matuƙa ke bin bugunsa. Akwai kuma Peleti, wanda ya shekara biyar yana haɗiyar yawu a kan wannan kujera.

Peleti bai taɓa yin ƙarya kai tsaye ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Wata rana bayan atisaye ya matso kusa da Lauina yana goge gumi.

"Kyaftin, mutumin naka kwana biyu ƙafarsa ta saba da ƙauyen surukansa."

"To, ai matarsa 'yar can ce."

"Haka ne. Kuma da su za mu kara ranar tsere." Ya ɗaga kafaɗa. "Ni dai ban ce komai ba."

Daga ranar Lauina ya fara ganin wani Saumani daban. In Saumani ya yi dariya, sai Lauina ya ga raini. In ya yi shiru, sai ya ga munafunci. In ya tambayi dabarar da za su yi a kwanar ƙarshe, sai Lauina ya ji kamar ana tatsar sirrinsa za a kai wa abokan hamayya. Saumani kuwa yana nan yadda yake, bai san ana yi ba.

Saura mako biyu tsere, Saumani ya iso atisaye a makare yana murmushi. Peleti ya kalli Lauina, ya ɗaga gira kawai. Lauina bai yi tambaya ba. Ya sungumi filafili ya kai wa amininsa duka a gaban kowa. Saumani ya tare da hannun dama, hannun ya karye wuri biyu.

Washegari wani tsohon kafinta daga ƙauyen can ya iso ƙofar Lauina, ɗauke da sabon katakon juya jirgi a kafaɗa.

"Ina Saumani?" in ji tsohon. "Wata biyu yana min sintiri. Ya ce naka ya tsage kana ɓoyewa don kada yaranka su karaya. Ya ce in sassaƙa maka wanda ya fi shi, kada ka sani sai an gama."

Lauina ya zauna a ƙasa.

Kafin yamma labari ya zo cewa dattawa za su zauna ranar Litinin, kuma maganar korar gidan Lauina gaba ɗaya daga ƙauyen ake yi. 'Yan'uwan Saumani uku sun iso daga Apia, babban birni, kowa da addarsa.

Mahaifiyar Lauina, Sinalei, mai shekara saba'in da takwas, ta buɗe akwati ta fito da tabarmar da ta gada mai laushi kamar yadi.

"Gobe da asuba za mu je ifoga, mu roƙi gafara," ta ce.

"Inna, ki zauna. Ni na yi laifin."

"Ni na haifi mai laifin. Ɗauko itace."

Gari na wayewa suka zauna a gaban gidan su Saumani, kai a sunkuye, tabarmar ta lulluɓe su. A gefe suka ajiye itace da duwatsu da ganyen ayaba, kayan gasa nama, wato ga mu, ku yi yadda kuka ga dama da mu. Mai ifoga ba ya tashi sai mutanen gida sun yaye masa tabarma da hannunsu. In sun ƙi, sun ƙi.

Rana ta ɗaga. Aka tashi daga kasuwa, yara suka dawo daga makaranta, ba wanda ya leƙo. Lauina yana jin numfashin mahaifiyarsa yana nauyi, yana kuma jin ana wasa adda a bayan gida.

Can sai ga murya dab da tabarmar.

"Kyaftin, tashi ka ceci tsohuwa. Na ji da kunnena, sun ce ba za su yaye ba. Dariya ake maka."

Peleti ne.

"Sau ɗaya na ba ka kunnena," in ji Lauina daga ciki, "ka ga inda ya kawo ni. Ko gaskiya ka faɗa yau, daga bakinsu zan ji. Matsa."

Sinalei ta lalubo hannun ɗanta ta matse. Suka ci gaba da zama har inuwar kwakwa ta juya gabas.

Sai haske ya shigo. Saumani ne tsaye, hannun dama a naɗe da filasta, ya ja tabarmar da hagu. Ya fara ɗaga tsohuwar, ya ce wa ƙannensa su kawo mata ruwa su ajiye addunan nan. Sannan ya dubi Lauina.

"Na yafe, ɗan'uwa. Zan gaya wa dattawa ba inda gidanku zai je."

Lauina ya fashe da kuka. "Kujerarka tana nan, har ka warke."

"Ba wa wani. Likita ya ce hannun nan ya gama tuƙi." Saumani ya dubi filastar. "Tsakanin gidana da naka taku talatin ne, Lauina. Da ka tako ka tambaye ni."

Darasi: Idan aka kawo maka magana a kan wanda ka daɗe da saninsa, ka je ka ji ta bakinsa kafin ka yanke hukunci. Ana iya yafe maka, amma ba duk abin da ka karya ne zai koma yadda yake ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yau ɗin nan ake raɗa masa magana a kunne.