Abin da Ya Sa Ba a Durƙusawa a Tudun Tsaye

Tun zamanin da daji ya fi gari yawa, aka yi wani maharbi a ƙasar duwatsu ta gabas, sunansa Tunau. Maroƙa na yi masa kirari da Tunau na gaban karnuka, mai kwana inda giwa ta kwana, baƙin dutse sha rana. Dogo ne siriri, ga ƙarancin magana har abin ya yi yawa. Yayansa Bagudu shi ne shugaban zuriyarsu, mutum mai kyauta da son jama'a, sai dai ba ya son ƙaninsa ya riga shi sanin abu.

A yawon farauta Tunau ya ga duwatsu masu aman wuta iri-iri, har ya raɗa musu suna. Akwai Mai Dalala, faffaɗan dutse wanda wutarsa ke gangarowa a hankali kamar kunu. Tana cinye gona da bukka, amma ko tsohuwa mai sanda tana iya tsere mata. Akwai 'Yan Rumbu, ƙananan tsaunuka masu tofar da tsakuwa mai zafi na 'yan watanni, daga nan su mutu. Sai kuma Mai Toka, dogo mai tsini, wanda kan yi shiru shekara ɗari, ran da ya tashi kuwa sai ya fashe gaba ɗaya.

Mai Toka ne ya kore su daga garinsu na fari. Kwana uku rana ba ta fito ba. Toka ta danne jinkaye har suka rufta, rijiyoyi suka ƙazantu, awaki suka ci ciyawa suka mutu. Bagudu ya rasa matarsa a nan. Ya kwashi waɗanda suka ragu, gida talatin da 'yan kai, suka yi ta tafiya har suka iso wani kwari mai dausayi. A saman kwarin akwai wani tsohon dutse wanda bakinsa ya cika da ruwa, ya zama tafki shuɗi, ko motsi ba ya yi. Babu hayaƙi, babu ruri. Bagudu ya ce nan za a zauna, mutane suka yi kukan murna.

Ba a yi wata guda ba Tunau ya bi sawun gada cikin wani rami a gindin dutsen, shi da karyarsa Ƙyalla. Ya tarar da gadar a mace, ba rauni a jikinta. Kusa da ita ga zomaye da zabi duk a kwance, kuma ko ƙuda ɗaya babu a kansu. Yana cikin dubawa sai Ƙyalla ta yi tangaɗi ta faɗi a ƙafarsa. Ya sunkuya zai ɗauke ta, kansa ya juya, ƙirjinsa ya toshe. Da ƙyar ya miƙe, yana miƙewa kuwa numfashi ya dawo. Ya kunna yayi, wato ɗan damin busasshiyar ciyawa, ya sauke shi a hankali, da wutar ta kai daidai gwiwarsa sai ta mutu. A nan ya gane akwai dutse iri na huɗu, wanda amansa iska ce mai nauyi, ba a ganinta, tana kwanciya a ƙasa kamar ruwa. Ya bar karyarsa ta shekara tara a ramin, ya koma yana hawaye.

Ya iske Bagudu zaune a kan buzu, dattawa kewaye da shi. Ramin bai bar zuciyarsa ba, saboda haka bai durƙusa ba, a tsaye ya yi gaisuwa.

"Yaya, mu tashi daga kwarin nan mu hau tudu. Dutsen nan bai mutu ba."

"Ka ga hayaƙi?" in ji Bagudu.

"Ban gani ba. Numfashinsa ne ke kisa, kuma na ƙasa yake fara ɗauka."

Bagudu ya dube shi daga sama har ƙasa. "Shi ya sa ka tsaya mini a ka kamar bishiya? Karya ta mutu, sai mu bar ƙasar da ta karɓe mu? Je ka koyo gaisuwa tukuna."

Dattawa suka yi dariya. Ni dai ban ga laifin Bagudu sosai ba, mutumin da ya ga sama ta zubo da toka, yaya za a yi ya ji tsoron ruwa mai sanyi? Amma da Tunau ya lanƙwasa gwiwar nan tasa, wataƙila da an saurare shi. Gida shida kaɗai suka bi shi tudu, sauran suka ce daji ya taɓa masa kai.

Da damina ta yi nisa, wata rana da hantsi, gefen dutsen ya zabtare ya faɗa cikin tafkin. Aka ji ƙara sau ɗaya, ruwan shuɗi ya koma ja. Daga tudu Tunau ya hangi hayaƙin girki na kwarin yana yankewa gida bayan gida, daga inda ya fi zurfi. Ya kunna yayi ya gangara da gudu.

Ya tarar mutane sun yi abin da suka saba yi in tsoro ya zo. Sun taru a ƙofar Bagudu sun durƙusa, suna jiran ya faɗi abin yi. Kaji sun riga sun zube. Wasu daga cikin masu durƙuson sun kifa, ba su ƙara ɗagowa ba.

"Ku miƙe!" in ji Tunau. "Ku ɗora yara a wuya, ku hau tudu. Abin da ya faɗi ƙasa ku bar shi."

Ya sauke yayinsa, wutar ta mutu daidai ƙugunsa, kowa ya gani. Suka miƙe suka bi tudu. Bagudu kaɗai ya rage a kan buzunsa, kansa ya langaɓe. Ba yadda za a ɗaga ƙaton mutum irinsa sai an sa gwiwa a ƙasa, kuma Tunau ya fi kowa sanin abin da ke jira a can. Ya ja numfashi ya riƙe, ya durƙusa gaban yayansa. Sau biyu Bagudu yana zame masa, numfashin ya ƙare, dole ya shaƙa. A na uku ya saɓa shi a kafaɗa.

Sai da ya kai shi ƙarƙashin wata ɗorawa a kan tudu sannan ya faɗi. Bagudu ya farfaɗo da la'asar. Tunau bai farfaɗo ba.

Mutum goma sha tara aka rasa ran nan. Bagudu ya kafa gari a kan tudun, ya kuma yi doka cewa kada wanda ya ƙara durƙusa masa, ko shi ko wanda zai gaje shi. Garin ne ake kira Tudun Tsaye. Har yau suna noman kwarin, gama ƙasar tana da albarka, amma da hauya mai doguwar ƙota, a tsaye suke cin abincin rana, kuma kowace gona da kaskon wuta a inda ta fi zurfi. In wutar ta mutu ba a tambayar kowa, tudu ake yi.

Baƙi kan ce mutanen garin ba su da ladabi, don yaro na gaida tsoho yana tsaye ƙiƙam. Su kuwa ba sa musu. Amma duk shekara in damina ta yi nisa, mai gari, wanda ya fito daga zuriyar Bagudu, yakan tafi gindin ɗorawar nan shi kaɗai, ya tuɓe takalmi, ya sa gwiwa biyu a ƙasa. Nan ne kaɗai ake durƙusawa a Tudun Tsaye.