Gwadunan da Dijatu Ta Binne

Akwai wata mata a ƙasar Kurfai, Dijatu sunanta, zamanin da Nasara sunka fara shigowa. Ƙauyensu yana gindin dutse, ba nisa da Filinge.

Ku da ke sayen bargo a kasuwa ba ku san wuyar gwado ba. Sai kin gurza auduga, kin kaɗa zare har yatsa ya tsage. Masaƙi ya saƙa miki ƙyallaye masu faɗin tafin hannu, ke kuma ki bi su da allura ki haɗa. Dijatu ta daɗe tana wannan aiki, har ta tara gwaduna masu kauri, farare tas, da ratsin shuɗin baba a baki. A garin babu mai ɗinki irin nata, kuma ta san da haka.

Da farkon damina ta gama, sai maganar yadda za a yi da su ta tashi. Wanta Kailu ya ce a kai kasuwar Filinge. Ɗiyarta Albarka, mai tsohon ciki, ta roƙi guda ɗaya.

Dijatu ta ce, "Sai ranar suna. Ran nan zan shimfiɗa su duka a tsakar gida, kowa ya gani da idonsa."

Ba a kai ga sunan ba. Wata safiya mutane sunka shigo a guje, sunka ce Nasara na tafe da sojoji, suna kama maza suna ɗaure su da igiya don ɗaukar kaya. Gari ya ruɗe. Uwa na kiran ɗa, ɗa na kiran uwa.

To, mutanen wurin sun saba da mahara, kuma suna da dabararsu tun kakanni. A tona rami a binne kaya, a hau dutse, mahara su kwashi abin da sunka gani su wuce, gobe ko jibi a sauko. Dijatu ta naɗe gwadunanta cikin tabarma, ta tona ƙarƙashin rumbu. Ko tokar da ke hana gara ba ta zuba ba.

Albarka ta riƙe mata hannu. "Inna, mu ɗauki ko ɗaya. Damina ce."

"Kan dutse? Cikin kashin awaki? Ke kinka kaɗa zaren?"

Kailu ya ce, "Dijatu, waɗanga ba irin maharan da munka sani ba ne. An ce inda sunka sauka, gini suke yi."

"Yaya, tsoro ya yi maka yawa. Wane mahari ka taɓa gani ya zauna?"

Ta tura ƙasa, ta tattake, sunka hau dutse.

Nasara kuwa sunka zauna. Daga bakin kogo ana hango hayaƙinsu kusa da rijiya, kullum, kullum. Ba mai hura wuta a sama don kada a gani. Idan yaro ya yi tari, uwarsa ta toshe masa baki. Ruwa ya yi ta zuba, zannuwa sunka jiƙe, babu wurin shanya. Wata ya mutu, wani ya tsaya, suna nan.

Cikin wannan hali Albarka ta haihu, ɗiya mace. Jaririyar ta yi kuka da farko, daga baya ta daina. Tafin ƙafarta ya yi sanyi kamar dutsen da ake kwance a kai. Tsofaffin mata sunka taɓa ta, sunka kau da kai.

Kailu ya miƙe zai sauka ya tono gwadunan. Dijatu ta ce, "Zauna, yaya. Kai igiya za su sa maka. Ni na binne, ni zan tono."

Da rana tsaka ta sauka. Ta bi ta cikin gero da rarrafe, tana jin maganar sojoji da wani yare da ba ta taɓa ji ba. Ta kai rumbun, ta tarar an kwashe shi sarai. Ta durƙusa ta tona da hannu.

Tabarmar ta zama ƙasa. Ta ɗaga gwadon farko, ya zube mata tsakanin yatsu. Gara ce, fara sol, tana ta kai da kawowa. Na biye ma haka. Can tsakiya ta samu guda ɗaya da aka ci wa gefe, cikinsa da sauran ƙarfi.

Sai inuwa ta rufe ta.

Soja ne, baƙin mutum kamarta, da jar hula da wuƙa a bakin bindiga. Ya sa tsinin wuƙar ya ɗaga gwadon, gara na zubowa. Ya yi dariya, ya ce da gurɓatacciyar Hausa, "Tsohuwa, wannan dukiya naka?"

Matar da ba a taɓa faɗa wa magana ta yi shiru ba, ta sunkuyar da kai ta ce, "I, ranka ya daɗe."

Ya yar mata, ya juya. Ba ta san yadda ta kai dutse ba.

Aka karkaɗe gwadon, aka ɗora jaririyar a ƙirjin uwarta, aka naɗe su tare. Dijatu ta zauna ta zuba ido. Wajen la'asar yarinyar ta motsa, ta tsala kuka, har sai da aka yi maza aka ba ta nono don kada a ji a ƙasa.

Da Dijatu ta waiwaya, sai ta ga sauran mata sun kewaye ta, kowace da yaro mai tari a cinya. Ba wadda ta roƙa. Sun san halinta.

Ta ce, "Yaya, ba ni wuƙarka."

Ta bar wa jaririyar abin da zai rufe ta, sauran ta bi ɗinkinta na hannu tana farkewa, tana miƙawa. Bai kai ga kowa ba. Akwai yaran da anka binne a dutsen nan kafin a sauko, alhali abin da gara ta ci ya isa ya rufe su duka.

Darasi: Abin rufa, don a rufa da shi anka yi shi. Kada ki ajiye wa ranar nuna wa mutane abin da wani ke bukata yau, kuma idan aka ce miki zamani ya sauya, ki saurara. Ku tura wa duk wanda kunka san yana da kaya a ƙasan akwati, maƙwabcinsa kuwa na jin sanyi.