Muryar Malam Ilu a Cikin Kwamfuta

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi sai ya yanke hukunci.

A Funtuwa akwai Hajiya Gambo, matar marigayi Malam Ilu tela. A falonta akwai wata tsohuwar kwamfuta da ke riƙe da hotuna da bidiyon gidan kaf, kowa na kallo ta wayarsa ko talabijin. A ciki har da addu'ar da Malam ya yi ranar sunan jikansa na fari. Tun rasuwarsa, ba a raɗa sunan jariri a gidan sai an kunna ta.

Hajiya kuwa mace ce mai tattali. Ta lulluɓe kwamfutar da bargo don kada ƙura ta taɓa Malam, tana kuma kai mata turaren wuta duk Juma'a. So ya yi yawa, zafi ya dafa na'ura. Ana jibi sunan sabuwar jika, kwamfutar ta fara ƙara kamar tsohon keken ɗinki. Hankalin Hajiya ya tashi, don muryar nan babu ita a ko'ina sai nan.

Babban ɗanta Kamilu ne ya fara isowa, ya tarar har an kai hannu za a kashe a sake kunnawa. Ya kasa kunne, ya gane faifan ajiyar da ke cikin kwamfutar ne ke gargara, in aka kashe ba zai ƙara tashi ba. Ya hana kowa taɓawa, ya yaye bargon, ya zauna yana yi mata fifita da mafici kamar mai jinya, har kafaɗarsa ta sage.

Ƙanensa Sagir shi ne mai hannu a aikin kwamfuta. Ya haɗa sabuwar kwamfuta, ya sa mata faifai biyu, don in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe amana. Ya jona tsohuwa da sabuwa, ya bi kayan a hankali yana kwashewa, abin da duk gidan ba wanda ya iya.

Aiki ya yi rabi aka ɗauke wuta. Ɗan batirin da ke tallafe da kwamfutocin ya fara kuka, alamar ya kusa ƙarewa. Autarsu Zuwaira, mai sayar da ƙanƙara da zoɓo a maƙwabta, ta ruga ta cire batirin solar firizarta, ta turo shi a baro, gyale na jan ƙasa. Ƙanƙararta ta narke, zoɓon ya lalace, amma wuta ba ta yanke ba. Kwafin ƙarshe na shiga, tsohuwar kwamfutar ta yi shiru har abada.

Ranar suna aka kunna. Muryar Malam ta cika tsakar gida, har da ɗan tarinsa. Hajiya tana dariya tana share hawaye, ta ce, “Allah sarki Malam, har yau bai iya gajarta addu'a ba.”

Sai ta ɗauko carbinsa, wanda ba ta taɓa bari wani ya riƙe ba, ta ce na wanda ya ceto mata muryar mijinta ne. Carbi ɗaya, kuma ba a tsinka shi a raba.

To jama'a, mai fifita, mai kwashewa, ko mai batiri: a hannun wa za ta sa shi?