Makirfon da Ya Ji Raɗar Kanari

Akwai mutane masu baki biyu, ɗaya na jama'a, ɗaya na mutanen gida. Ba zan kama suna ba, sun san kansu. Amma ga labarin ɗaya daga cikinsu, wata mawaƙiya da ake ce wa Kanari. Murya kam Allah ya ba ta, in ta ja baiti sai ka ji kamar ana yayyafi a ƙirjinka. Matsalarta raini. Wanda ya fi shan rainin nan kuwa kawunta ne, tsohon da ya raine ta, ya koya mata waƙa, yake kaɗa mata jita har yatsunsa suka fara rawa. In suna kan dandamali sai ta yi wa jama'a murmushi, ta ja da baya, ta yaɓa masa magana ƙasa-ƙasa. Makirfon kasuwa ba ya jin abin da ba a sa masa a baki ba, saboda haka asirinta a rufe.

Wata safiya Kawu ya kai ta shagon abokinsa, wani dattijo mai ƙera makirfo da hannu, irin fasalin na da. Hasken taga na sauka a kan zaren tagulla, ƙamshin dalma ya cika ɗakin, ga makirfo jere a kanta suna sheƙi kamar masu gyangyaɗi. Dattijon ya sa mata abin saurare a kunne ya ce ta gwada. Ta rera. Ta ji numfashinta, ta ji buɗewar leɓɓanta, ta ji muryarta ta rabu da ita tana shawagi can kusa da rufi. Ta lumshe ido, ba ta son dawowa.

"'Yata," in ji dattijon, "a cikinsa akwai 'yar fata da ta fi ɓawon albasa siranta. Shi kaɗai zai ɗauki muryarki da jitar kawunki tare. Amma fa ko taku uku kika ja, in ƙuda ya yi tari zai ji."

"Baba, ni za ka koya wa makirfo? Da shi na yi haƙori."

Ranar wasa da la'asar zaure ya cika, aka kafa makirfon dattijon a gabansu. Kanari ta fara, wurin ya yi tsit, mutane suka yi lamo kamar masu mafarki ɗaya. A baiti na uku yatsan Kawu ya zame daga tsirkiya. Ta ja da baya kamar kullum, murmushin na nan a fuskarta.

"Tsohon banza, in hannun ya mutu ka je ka kwanta mana. Ka zame mini kaya."

Maganar ta fito ta lasifika a hankali, tar da ita, da taushi irin na waƙar. Wata mata a layin gaba ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ba kawunta ba ne?"

Kawu bai ɗago ba. Ya ƙarasa kiɗan shi kaɗai, kowa na jin rawar numfashinsa. Da ya gama ya ce, "Ku yi mata haƙuri, yarinya ce." Wannan ma makirfon ya ɗauka. Ya rungumi jitarsa ya sauka, bai ƙara hawa dandamali da ita ba.

Washegari ta faɗa shagon a fusace. "Kayanka ya tona mini asiri!"

Dattijon bai ajiye abin da yake gogewa ba. "Kunne na ƙera masa, 'yata. Bakin naki ne."

Darasin a fili yake. Mutuncinka ba abin da kake faɗa da ƙarfi ba ne, abin da kake faɗa ƙasa-ƙasa ne ga wanda ba zai iya rama maka ba. Kai mai karatu, da za a kafa irin makirfon nan a tsakar gidanku yini guda, da wane ido za ka fita gobe? Na ce kana da naka kawun da kake yi wa raɗa. In ƙarya na yi maka, musa.