Kwamfutar da Ba a Jira Ba

Akwai wata baiwar Allah 'yar garinmu, nan bakin teku a arewacin Norway, sunanta Torunn. Ta yi karatu, aiki ya kai ta babban birni, ta zama irin mutanen nan da ko gaisawa kuke yi idonsu na kan agogo.

Mahaifinta Halvard tsohon matuƙin jirgin fito ne. A zamaninsa in ya daka tsawa daga wannan gaɓa sai an ji shi a waccan. Ba a daɗe da rasuwar matarsa Ragna ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ƙafa ta dawo, hannu ya dawo da kyar, amma harshe ya ƙi. Hankalinsa garau, yana karatu, yana gane duk abin da aka faɗa. Magana ce kawai in ta taso sai ta maƙale, ya yi ta kokawa da kalma ɗaya.

Ita kuwa Torunn, tun da aka binne mahaifiyarta ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Mutane suka yi ta yaba dauriyarta, alhali ba dauriya ba ce. Zuciyar ce ta daskare. Ta shirya jana'iza, ta raba tufafi, ta share wayar marigayiyar ta bayar, ta koma bakin aiki. Abinci ba ɗanɗano, barci ba mafarki, kwanaki suna wucewa tana bin su.

Abu ɗaya ya rage na Ragna mai motsi da murya. Wasu 'yan bidiyo ne a cikin tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ke kan teburin kicin. A ciki tana toya wainar nan mai siffar zuciya, tana rera wata waƙar shirme da ita ta ƙirƙira, ta kyanwar da ta je neman aiki wurin masunta. Kowace safiya Halvard zai zuba kofi, ya buɗe kwamfutar, ya karya kumallo tare da matarsa.

Babu kwafinsu a ko'ina. Torunn ta sha cewa za ta kwafe su in ta samu sarari. Sararin bai samu ba.

Kwamfutar ta jima tana nauyi. Ka danna abu, sai ka je ka wanke kofi ka dawo kafin ya buɗe. Ran nan sai ma'aikaciyar jinyar da ke leƙo tsohon ta turo wa Torunn saƙo cewa kwamfutar ta ƙi tashi, kuma Halvard ya ƙi karyawa.

Ranar Asabar ta hau jirgin fito, tikitin komawa na yammacin ranar yana aljihunta.

Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ko rigar sanyi ba ta tuɓe ba. Ta tarar da shi zaune gaban kwamfutar kamar mai jinya. Allon baƙi ne, sai wasu 'yan ɗige-ɗige da ke ta zagaye a tsakiya, fankar ciki tana kuka.

"Sannu, Baba. Tun yaushe take haka?"

"Tun... tun..."

"Tun safe. To, matsa in gani."

Ta miƙa yatsa wajen maɓallin kunnawa. Tsohon ya ɗaga hannu da sauri.

"Ta... ta ru..."

"Na sani, Baba, ta dame ka. Yanzu za ta shiga hankalinta."

Ta danne maɓallin har fankar ta yi shiru. Ta sake kunnawa. Ɗige-ɗigen suka dawo suna zagayensu, ko a jikinsu.

Ta zare caja ta mayar. Ta cire duk wata waya da ke maƙale a gefe. Ta nemi bayani a wayarta, ta daddanna maɓallan da aka ce a danna. Ba abin da ya canja. Ta sake kashewa da ƙarfin tsiya.

Halvard ya fara ƙwanƙwasa tebur da hannunsa mai lafiya, jijiyar wuyansa ta tashi.

"To... Torunn... ka... kada..."

"Baba, don Allah ka bar ni in yi tunani. Da irin waɗannan nake wuni a ofis."

Haka suka saba tun da ya kwanta ciwo. Ya fara magana, ta ƙarasa masa. In ta dace, shi ke nan. In ba ta dace ba ma shi ke nan, don kafin ya gyara ta wuce gaba. Ba ƙiyayya ba ce, kada ku zalunce ta. Shirun da ke tsakanin kalmominsa ne ba ta iya zama a cikinsa.

Da ta sake kunnawa ɗige-ɗigen suka sake fitowa, sai wayarta ta yi ƙara tana tuna mata lokacin jirgi. Ba ta ma ji fushi ba. Hannunta ne kawai ya tashi ya sauka a kan kwamfutar, tas.

Kukan fankar ya canja. Daga ciki wani sauti ya fara, ƙas, ƙas, ƙas. Ɗige-ɗigen suka ɓace.

Tsohon ya sauke hannunsa kan cinya. Ya juya yana kallon teku ta taga.

Torunn ta naɗe kwamfutar ta gangara shagon Ketil mai gyara, kusa da tashar jirgi. Ajinsu ɗaya da shi tun suna yara.

"A'a! Manyan birni!" in ji Ketil. "Wace iska ta kwaso ki? Ko yau ma tsayuwar minti ɗaya ce, kamar mai ɗiban wuta?"

"Ka rage surutu ka duba mini wannan. Jirgi zan bi."

"Ke dai har ki tsufa jirgi za ki bi."

Ya kunna, ya kara kunnensa a jikinta. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Faɗuwa ta yi?"

"A'a."

"To duka ta sha?"

Ta kawar da kai. Ya kwance bayan kwamfutar, ya ciro ma'ajiyar bayananta, ya haɗa da tasa na'urar. Suka tsaya suna kallo. Babu abin da ya fito sai ƙas ƙas ɗin nan.

"Bari in gaya miki gaskiya," in ji shi. "Ma'ajiyar tsohuwa ce, irin mai faifai da allura. Nauyin nan da take yi, ciwo ne take faɗa muku. Yau kuma gyaran kanta take yi. Da an bar ta, ko wuni za ta yi, da wuya ba ta tashi sau ɗaya ba, mu kwashe komai. Kin katse ta, kin sake katse ta, sannan duka ya sa allura ta karce faifan. Akwai kwafi?"

"Babu."

"Me ke ciki?"

"Mama."

Ketil ya ajiye abin kwance ƙusa a hankali. Shi ma ya ci wainar Ragna yana yaro.

"Amma tun farko, kafin ɗige-ɗigen nan, kwamfutar takan rubuta a allo," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Takan ce ana gyara, kada a kashe. Ba wanda ya gani?"

Nan ta tuna hannun da aka ɗaga mata.

Ta tsaya tana jiran abin ya soke ta. Shiru. Ta yi wa Ketil godiya kamar wadda aka ba canji. Ta shiga kanti ta sayi madarar da ba wanda ya aike ta. A bakin tasha jirgin ya busa ƙaho, ta tsaya da kwamfuta a hammata tana kallonsa har ya sha kwana bayan tsibiri. Sannan ta hau tudu ta koma gida.

Halvard ya jera kofi biyu a tebur. Wannan karon ta tuɓe rigar sanyin ta rataye, ta zauna.

"Baba, bidiyon Mama sun tafi. Ba za su dawo ba. Ni na lalata su."

Ya buɗe baki. Ya fara kokawa da kalmar farko. Nan take kalmomi suka cika bakinta, iri-iri, ko wacce tana neman ta fito ta taimake shi. Ta tura hannuwanta ƙarƙashin cinya ta danne, ta ciji leɓe.

Agogon bango yana ta aikinsa. Tururin kofi ya ragu, ya ƙare.

"Ta... rubuta," in ji shi. "Kada... a kashe. Na... karanta."

"Na ji, Baba."

"Na so... in... faɗa."

Ta gyaɗa kai. Ta zaci ya gama, har ta motsa za ta ɗauki kofi, sai ta ga bakin bai rufe ba. Ta koma ta zauna.

"Ni ma... haka... nake. Sai... an... jira."

Babu faɗa a muryarsa. Da faɗan ne ma da ya fi mata sauƙi.

Can sai ya kai dubansa kan kaskon waina da ke rataye tun rasuwar Ragna. Yatsunsa suka fara kaɗa tebur a hankali. Ya ja numfashi, ya fara:

"Kyanwa ta je neman aiki,
ta ce a ba ta gadin kifi..."

Torunn ta ɗago. Kalmomin suna fitowa sumul, ɗaya na bin ɗaya, da tsohuwar muryar nan ta matuƙin jirgi. Masu irin wannan ciwo, wasunsu magana takan gagare su amma waƙa ba ta gagarar su. Ma'aikaciyar jinya ta san haka, don kowace safiya tana tarar da shi yana bin matarsa baiti-baiti. Maƙwabta ma sun sani, ta taga suke ji. 'Yarsa ce kaɗai ba ta sani ba, don ba ta taɓa zama har kofi ya huce ba.

Abin da ya daskare a ƙirjinta tun ranar jana'iza ya tsage. Ta yi kuka, kuka mai sauti, na uwa da na kunya a haɗe.

A baitin ƙarshe, inda kyanwa ke rantsuwa cewa ba ita ta cinye kayan gadi ba, muryar tsohon ta sarƙe. Ya tsaya cak.

Torunn ta san baitin. Tun tana goye take jin sa, yana nan a kan harshenta.

Amma sai ta kama hannunsa ta jira.

Ya ɗauki lokaci. Sannan ya share ido, ya ƙarasa waƙar matarsa da bakinsa.

Muryar Ragna dai ba ta dawo ba har yau. Kwamfutar na nan cikin kabad. Amma ranar Asabar in ka wuce ta gidan Halvard za ka ji ƙamshin waina, kuma Torunn ta daina sayen tikitin komawa na yamma.

Darasi: Abin da ya yi nauyi a hannunka, na'ura ce ko mutum, tsaya ka ji abin da yake faɗa kafin ka kai masa hannu. Gaggawar minti ɗaya tana iya cinye abin da ba a sayar da shi a kasuwa. Ka kwafe abin da kake ƙauna tun yau, kuma in tsohonka ya fara magana, ka bar shi ya kai ƙarshenta da kansa. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke raye, wataƙila akwai maganar da suke jiran ya zauna ya ji.